Ranar da Aka Miƙe wa Motata Ƙafa

Ni dai Allah ya jarrabe ni da son wasan mota, alhali a gidan malamai aka haife ni. Mahaifina yana da Islamiyya a Fagam, ni ma a nan nake koyar da Larabci. Mutumin da ke tsayawa gaban yara yana yi musu faɗa a kan guje-guje, shi ne duk ranar Alhamis, da yake ba a karatu, zai sulale zuwa Birnin Kudu ya je yana tayar da ƙura.

Wasan namu ba tsere ba ne. A wani fili a hanyar Kangire muke jera tsofaffin tayoyi, kowa ya shiga shi kaɗai yana ratsa tsakaninsu, a duba wanda ya fi sauri. Ka taɓa taya, a ƙara maka lokaci, a kuma yi maka ihu. Baba kuwa ya tsani wannan abu, ganganci yake kiransa, kuma bai san ina ciki ba. Babu abin da nake tsoro kamar ranar da zai sani.

Saboda haka kowane gyara na yi wa akwalar tawa, sai na nemo masa hujja. Da na cire kujerar baya don ta yi sauƙi, na ce saboda ɗaukar buhunan gero ne. Baba har albarka ya sa min. Da na sa aka rage mata tsawo ta kusa shafar ƙasa, na ce sifirin ne ya gaji. Wallahi har kunyar kaina nake ji, amma ban fasa ba.

Ana nan aka sa babban wasa ranar wata Alhamis, za a zo har daga wasu garuruwa. Waɗanda suka san kan abin suka ce min in ina so motar ta riƙe ƙasa a kwana, sai an karkatar da ƙafafunta na gaba: saman taya ya shige ciki, ƙasan ya buɗe waje. Ranar Talata bayan an tashi daga makaranta na kai ta wajen mai alaimen, wato mai daidaita ƙafar mota, a Birnin Kudu, wani dogon mutum mai yawan surutu. Na yi masa bayani. Ya ajiye sifana ya dube ni.

"Malam, mutane suna kawo min mota in miƙe, kai ka kawo in karkatar?"

"Haka nake so."

"Wato gwame kake so in yi mata?"

Bai tsaya nan ba, sai da ya kira makanikan da ke maƙwabtaka da shi su zo su ga mai neman gwame. Suka taru suna ta ƙyaƙyatawa. Wani ya ce ko a haɗa mata da ƙusumbi. Ni kuma ba ni da haƙuri, raina ya ɓaci, na ce in ba zai iya ba ya faɗa min in kai wa wanda ya iya. Wannan maganar ce ta sosa masa rai. Ya shige ƙarƙashin motar yana gunaguni, ya kwance, ya auna, ya ɗaure, har la'asar. Da ya gama ya ce in yi wa Allah kada in gaya wa kowa aikinsa ne.

Na biya ta filin na gwada ta. Kai! Ko'ina na juya sitiyari sai ta bi ni kamar ta san abin da ke zuciyata. Na kama hanyar gida ina murmushi ni kaɗai.

Ina yin fakin a ƙofar gida Baba ya fito. Ya zaga motar sau biyu, ya tsuguna ya leƙa tayar gaba.

"Wannan motar lafiyarta kuwa?"

"Ramukan hanya ne, Baba."

"Subhanallahi. A haka kake yawo da ita?"

Washegari da hantsi ya ce in ba shi makulli, zai je Gwaram duba wani amininsa da ba shi da lafiya. Ban damu ba. Baba ya iya tuƙi, irin tuƙin da mai keke kan wuce shi har ya gaishe shi.

Azahar ta yi bai dawo ba. Sai bayan la'asar na hango motar tana tahowa a hankali, kuma tun daga nesa na ga abin da aka yi mata. Ƙafafun nan sun miƙe sambal, babu gwame ko na misali. Na ji kamar in zauna a ƙasa in yi kuka. Gobe wasa! Duk dariyar da na sha a gareji ta tashi a banza. Na bi shi zaure ina huci, na tanadi maganganu fal bakina.

Ya zauna a kan buzu, gefen rigarsa duk baƙin mai. Ya ce bayan ya duba mara lafiya ya kai motar wajen wani tsohon makanike, wanda da zare yake auna ƙafar mota, kuma shi Baba a kan benci ya zauna tun kafin azahar har aka gama. Hankalinsa ba zai kwanta ba, in ji shi, ina hawa babban titi da gurguwar mota.

Na buɗe baki zan yi magana, sai ya ɗaga hannu.

"Makanikin ya ce min ba rami ba ne. Ya ce da gangan aka yi, wai masu wasan mota ne ke yin haka. Garejin cike yake da mutane. Na ce masa ɗana malami ne, ba ya wasan mota." Ya miƙo min makullin, idonsa a kaina. "Ko ƙarya na yi masa?"

Baba ya kusa saba'in, kuma ban taɓa jin an kama shi da ƙarya ba. Na dubi makullin, na dubi baƙin man da ke rigarsa. Duk maganganun da na tanada suka gudu.

"A'a, Baba," na ce. "Ba ka yi ƙarya ba."

Ranar Alhamis wayata ta yi ta ƙara tun da safe, abokan wasa suna nemana. Na kashe ta, na mayar da kujerar baya, na kai Inna kasuwa.