Ba "Wani Manomi" Ba Ne

Ku matso, ku ba ni kunnuwanku. Jiya jikata ta dawo daga jami'a da 'yar na'urar auna gishirin ƙasa, sai na tuna maigidana.

Shi ba ya dasa albasa sai ya ɗanɗana ƙasa. Yakan dangwalo ta da yatsa, ya sa a harshe, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya.

Wata rana na kai masa fura gonarmu ta Kadawa, na tarar da masu bincike suna ɗibar ƙasa. Babbansu ya ce, "Baba, bayan wata biyu za ka ji sakamako."

Maigidana ya ɗanɗana ƙasar, ya tofar, ya ce, "Dakta, kanwa ta hau daga turken can zuwa bakin ruwa. Je ka auno."

Suka auno, haka ne. Amma jikata ta ce a takardarsu "wani manomi" kawai suka rubuta.

Wani? Ni ban yarda ba. Na ce mata, "Ranar da za ki rubuta taki, sunan kakanki za ki fara sawa."

Dakta dai an ce ya zama farfesa. Jikata ta yi alkawari, har ta fara ɗanɗanawa kafin ta soka na'urarta. Maigidana kuwa, Allah ya sanyaya ƙasar da yake kwance a ciki.