Kawu Ko-ta-kwana da Wayar Tsallake

Ku da kuka san Kawu Ɗanladi kun san ba a gaisawa da shi yadda ake gaisawa da mutane. Ka durƙusa ka ce, "Kawu, ina kwana?" sai ya zaro tastarsa ta gwada wutar lantarki daga ƙarƙashin hula ya nuna ka da ita: "Lafiya. Me ka jona?" Wallahi ko liman bai tsira ba. Ƙanin mahaifiyata ne. Ƙuruciyarsa duk a saman falwaya ta ƙare, yana gyaran wayoyin kamfanin wuta a Gaya. Da ya yi ritaya ya dawo gida muka ce alhamdulillahi, tsoho zai huta. Ashe mu ne muka gama hutawa.

Kun dai san zamanmu. Rafi ya raba garin biyu: gefenmu ƙasar Ajingi ta wajen Toranke, tsallake kuma ƙasar Gaya. Kowane gefe aka kafa masa tasa solar, da farantanta da ɗakin batir da kwamitinta. Mu da safe muke cin wuta, saboda injin markaɗe da na matse gyaɗa na ƙungiyar mata, wadda ni, Hajara, nake shugabanta. Su kuwa da rana suke ci: masu walda, famfon ruwa, ga firjin allurar rigakafi a ɗan asibitinsu. Da hantsi tamu ta sume, tasu na zaune a ƙoshe. Da la'asar tasu ta sume, tamu na hutawa. Gyaɗa ta sha lalacewa a hannunmu saboda inji ya tsaya a tsakiyar aiki.

Kawu ya ce wannan hauka ne da rana tsaka. A ja waya ɗaya ta haye rafi, a sa mata babban makunni mai hannu, wanda muke ce wa wuƙa, mai rara ya tura wa mai buƙata. Aka tara kwamiti biyu a gindin tsamiya. Mai unguwar tsallake ya gyara zaman rawani ya ce:

"Wutar Gaya ba za ta kwana a Ajingi ba."

Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, uwargidanka 'yar wane gefe ce?"

"'Yar gefenku ce. Me ya kawo wannan?"

"To tun kafin a haifi rabin mutanen nan take kwana a Gaya, Ajingi ba ta kai ƙara ba."

Tabɗijam! Har mai unguwar sai da ya rufe baki da gefen rawani. Ranar aka yanka lokaci: safe namu, rana tasu, firji kuwa ba a taɓa rabonsa ko da wa zai mutu da haushi. Wuƙa aka sa ta a akwatin ƙarfe a bakin rafi, makulli a wuyan Kawu.

Bai tsaya nan ba. Ya ce wuta biyu ma ba ta isa ba sai da ta ko-ta-kwana. Kalmar nan ba ta barin bakinsa, shi ya sa ta zame masa suna. Alhaji Sule yana da tsohon janareta da yake ba da haya wajen biki. Kawu ya sa kowane gida, gefe biyu, ya riƙa kai masa kwanon gero da kaka, shi kuma ya ajiye injin cike da mai, kada ya motsa da shi ko'ina. Damina biyu inji bai ko yi tari ba. Sai Audu direba ya taso a taro:

"Haba Kawu! Muna ciyar da injin da ba ya aiki? Wannan ai zalunci ne."

"Audu, tayar nan da ke ɗaure a bayan a-kori-kurarka, kyauta aka ba ka?"

"Saye na yi mana."

"Bara ta taka ƙasa?"

"A'a, Allah ya tsare, ban yi faci ba."

"To maza ka mayar musu da abarsu, sun cuce ka."

Audu ya zauna. Da kakar ta zo, kwanonsa har da toliya.

Ni kuwa nawa rabon ranar jajiberin bikin 'yata Zulai na karɓa. Damina ce, kwana uku rana ba ta leƙo ba. Ga shinkafar waina na jiƙa, ga gero na kunu, ga mata cike da gida. Inji na tsaka da gurnani sai ɗif. Na yafa mayafi a karkace na nufi bakin rafi. Na tarar da shi zaune kan akwatin yana ɓare gyaɗa.

"Kawu, wa ya kashe mini inji?"

"Ni ne. Batirin tsallake ya faɗi, na tura wa firji."

"Ni ce fa, Hajara! 'Yar yayarka!"

"Na gane ki. Batir ne bai gane ki ba."

"To a tayar da injin Alhaji mana! Ko geron nawa ba gero ba ne?"

Ya jefa gyaɗa a baki ya tauna a hankali, don dai ya ƙara ƙona mini rai. "Ko-ta-kwana ta abin da ya zo babu sallama ce. Ke kuwa wata uku kina sane da ranar nan. Biki ba annoba ba ne."

Ba zan ɓoye muku ba, na faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa kawu. Na ce ko ƙofar gidana kada ya taka, goron bikin ma na haramta masa. Na koma na sa mata suka fito da turame. Ba mu ankara ba, sai ga tsohon nan ya jingine kekensa a zaure, ya ɗaure bokiti biyu na jiƙonmu a baya, ya hau ya nufi Gafasa, inda ake markaɗe da injin gas. Cikin taɓon nan! Sai bayan azahar ya dawo, ƙullu tun daga gemu har ƙafar wando, rabin bokiti ɗaya ya tsiyaye a hanya. Ya sauke, yana haki, ya ce:

"Ga markaɗenki, mai bakin reza. Goron kuma ki riƙe abinki, dama haƙorin ya tafi."

Na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Na yi duka biyun.

Da ciwo ya kwantar da shi bara, magana ta fara yawo. Mutanen tsallake suka ce in makulli ya faɗa hannun ɗan gefenmu, za su datse wayar. Namu suka ce su ma haka. Mu mata mun san abin da hakan ke nufi: mu koma zaman jiran inji da gyaɗa tana rima. Wata Laraba da hantsi ya aika aka kira masu unguwa biyu, aka kira ni. Ya ciro igiyar makullin daga wuyansa ya miƙo mini.

Na ce, "Kawu, ni da sai da na aurar da 'ya'ya biyu na shiga ajin yaƙi da jahilci?"

"Kina karanta lambar da ke jikin batir ko ba kya karantawa?"

"Ina karantawa."

"To magana ta ƙare. A tsallake aka haife ki, a nan kike aure, kuma gefe biyun duk tsoron bakinki suke ji." Ya juya ga masu unguwa: "Akwai mai ja?" Kowa ya duƙufa kallon tabarma. Sannan ya jawo hannuna ya rage murya: "In wuta ta yi ƙaranci, fara da kashe naki. Sau ɗaya suka ga haka, ba za su ƙara tambayarki ba."

Ciwon nan shi ne ajalinsa. Sati biyu da rufe shi hadari ya haɗo ya ƙi tafiya. Muna tsaka da matse gyaɗa na ga lambar batirin tsallake na gangarowa. Na je bakin rafi, na tarar mazan tsallake sun yi cirko-cirko a ɗaya gaɓar, wai kallon ruwa suke. Na buɗe akwati na ja wuƙar. Daga nan ina jin injina ya yi shiru. Suka ɗan tsaya, sannan suka watse ɗaya bayan ɗaya, mai unguwarsu ya ɗago mini hannu. Wayar tana nan har yau, babu wanda ya sake zancen datse ta.

Allah sarki Kawu. Maganganun da na faɗa maka ranar nan ban taɓa neman gafararka a kansu ba, ina ganin akwai sauran lokaci. Ya Allah ka yafe masa, ka yafe mini, ka yalwata masa makwanci, ka cika kabarinsa da hasken da ba ya yankewa. Amin.