Gwiwar Goggo

Duk layin an san Goggo mai ɗinki da ƙin tafiya. Shagon mai zare yana tsallaken titi, amma sai ta jira wani ya zo wucewa ta aike shi. In an yi mata tsiya ta ce ƙafarta ta taka keke ce, ba ta taka ƙasa ba.

Ita ta ɗauki Auta, 'yar ƙanenta, lokacin da yarinyar ta fara jin muryoyin da babu mai jin su, har ta bar jami'a. Maganin asibiti ya kwantar da muryoyin, amma ya sa mata ƙiba da nauyin jiki. Wata safiya Goggo na shara ta tsinci ƙwayoyin a bayan gado. Ta kwashi Auta sai asibiti, don ta san in aka daina sha ciwon zai dawo.

Likita ta rage ƙarfin maganin, ta ce kada a bari, a haɗa da tafiyar safe, barci a kan lokaci, da abokin hira. Auta ta murguɗa baki. "Ni na gaji da zama marar lafiya."

Washegari Goggo ta tashi da ɗingishi. "Wayyo gwiwata! Auta, taimaka ki riƙa zagayawa da ni, kar in gurgunce. Sha naki, in shafa nawa, mu fita."

Haka suka fara. Goggo na haki tana tsine wa tudun bayan makaranta, Auta na riƙe da hannunta tana dariya. A hanyar ce yarinyar ta fara faɗin abin da muryoyin ke ce mata. Goggo ba ta ƙaryata ta, ba ta kuma gaskata muryoyin, saurare kawai take yi. In sun dawo ta miƙa mata maɓallai ta ɗinka.

Ba kullum aka ji daɗi ba, akwai makon da sai da suka koma asibiti. Amma da shekara ta zagayo, Auta ta koma karatu. Goggo kuwa ba wanda ya kawo ɗinki da ya tsira daga jin labarin.

Ranar tafiyar, Auta ta sa maganinta a jaka da hannunta, ta tsaya tana kallon ɗingishin.

"Goggo, bara fa gwiwar hagu ce."

Goggo ta dubi gwiwar daman da take dafe da ita.

"Tun ranar farko na gane," in ji Auta, ta rungume ta. "Gobe ki fita ko ba ni. Zan kira in ji hakinki."

Washegari kuwa Goggo ta fita.