Mai Kwafe Muryar Kaka

Wani saurayi ne yana zaune a shagon gyaran waya na Don Fermín, cikin kasuwar birnin Cochabamba, da farar riga da katin wani kamfani a wuya, amma ya kifa fuskar katin a ƙirji. Takalminsa ya fi ƙarfin ƙurar layin nan. Ni kuwa ina riƙe da wayar marigayiya kakata Eulalia, ga shi wayar ta fara ɗaukewa. Waƙoƙinta na harshenmu na Kecuwa da sunayen kakanninmu da ta jero da bakinta duk suna ciki, babu su ko'ina.

"Ɗan ƙanwata ne," in ji Don Fermín. "Kwamfuta yake karantawa a jami'a, da safe yana koyon aiki a kamfani. Ba shi mana, 'yata, cinyewa zai yi?"

To, mai kamfani me ya kawo shi kasuwa? Wataƙila sallamarsa aka yi, gida ba su sani ba.

Na miƙa wa saurayin wayar. Ba ya haɗa ido da kowa. Yana jona wayar da kwamfutarsa, yana taunar murfin biro.

"Me kake yi?" na tambaya.

"Kwafewa. A wurin aiki ba a taɓa abu sai an kwafe shi."

Koren layin kwafi ya cika a fuskar kwamfutar, ya miƙo min filashin da ya zuba muryar a ciki. Ina kallo, layin ya sake farawa.

"Wannan na biyun fa, ɗan jami'a?"

Hannunsa ya tsaya. "Wannan nawa ne. Tawa kakar ma da harshen Kecuwa take waƙa. Babu wanda ya ɗauki muryarta."

Na damƙe filashin. Ban yarda da shi ba, amma ban ce ya goge ba.