Anti Tabarau da Labarin Kwana Uku

Ban taɓa tsanar Anti Tabarau ba. Kishinta na yi, kuma ba kaɗan ba. Ita ce ke kula da yara a ɗakin da makarantar 'yata ta ware wa waɗanda iyayensu ba sa tashi aiki da wuri. Ƙarfe biyu ake tashin makaranta, ni kuwa sai shida nake cire farar riga a kantin maganin da nake aiki. Awa huɗun nan duk nata ne. Abin da ke zuwa hannuna yarinya ce a gajiye, daga wanka sai abinci sai barci.

Gajeriyar mace ce, ta haura hamsin. Tabaranta a ɗaure yake da igiyar takalmi tana rataye shi a wuya, daga nan yara suka samo mata suna. Shekara goma sha biyu ta yi tana shara a wani asibiti, sai da gwiwa ta hana ta hawa bene ta dawo wannan ɗaki. Ɗakin ba wani abin a zo a gani ba ne: tabarma uku, fanka mai kuka, kwalin fensir masu launi duk sun gajarce, da ƙusoshi a jere a bango, kowane yaro da inda yake rataye jakarsa. Amma matar nan ta san wanda madara ke ɓata wa ciki, ta san mai riƙe fitsari saboda kunya, ta san wanda in ya yi shiru to zazzaɓi ne ke tafe.

'Yata shekararta shida, kuma bakinta bai san wani suna ba sai Anti. In na ɗaure mata takalmi ta ce Anti ba haka take ɗaurewa ba. In na gyara mata gashi ta ce na Anti ba ya zafi. Ranar da ta zo da zanen gidanmu, matar da ke tsaye a ƙofa tabarau ne a wuyanta. Na ce zane ya yi kyau, na shiga kicin na wanke kwanon da na riga na wanke.

Babanta direban babbar mota ne, ta waya na kai masa ƙara. Dariya ya yi. "Ke da kika hana mu sakat sai an samo inda za a kula da ita. An kula, kuma kin kumbura?" Na kashe wayar.

Daga nan na koma neman laifi. Kullum sai na duba faratan yarinyar, na duba safarta, na shinshina gorar ruwanta. Ban samu komai ba, rashin samun kuma ya ƙara ƙona mini rai. Na karɓo takardar cire yaro daga ofishin makaranta, na cike ta, na sa a jaka. Niyyata in riƙa barin ta wurin maƙwabciyata, wadda na san talabijin kawai za ta kunna mata. Ko ba komai, talabijin ba ya shiga zane.

Ranar Alhamis na roƙi mai kanti ya sallame ni ƙarfe huɗu. Da na isa makarantar ban shiga ɗakin ba, na raɓe a jikin taga, ina fatan in kama Anti tana gyangyaɗi ko tana danna waya. Tana zaune a ƙasa, ƙafa a miƙe saboda gwiwar, tana fiƙe fensir. Sai ga 'yata ta matso ta jingina da kafaɗarta.

"Anti, yau dai in faɗa miki?"

"Mama ta ji?"

Yarinya ta girgiza kai.

"To ajiye mata. In ta ji, ni ma na ji."

"Kwana uku ke nan fa, Anti."

"Ko kwana goma ne. Nata ne."

Na tuna ranar Litinin a cikin bas, 'yata tana jan hannun rigata tana cewa tana da labari, na ce ta bari mu isa gida. A gida ga girki ga wanki, na ce gobe. Goben ma wayata na hannuna, na ce mata ina ji, alhali ba na ji. Ta lura, ta fasa ba ni labarin.

Anti Tabarau ta hango ni, ta dafa bango ta miƙe ta fito. "Maman yarinya, yau da wuri? Lafiya dai?"

Maimakon in miƙa takarda, sai na ji bakina yana tambayar me ya sa ta ƙi sauraron yarinyar.

Ta ɗan goge tabaran da gefen rigarta. "'Yar uwa, ɗa ɗaya gare ni. Lokacin da nake shara, wurin maƙwabciya yake yini. Ta riƙe shi da amana, ban taɓa samun ta da laifi ba. Amma haƙorinsa ya fita, ita ta fara sani. Ya ci jarrabawa, ita ta fara sani. Ranar da ya samu aiki, ga shi da gemunsa, ita ya fara kira. Kunnenta ne a kusa, ba komai ba. Da dai ko sau ɗaya ta ce masa je ka gaya wa uwarka, da na gode mata." Ta mayar da tabaran. "Ni zan ba su ruwa, in duba aikin gida, in share hawaye. Amma labari in sabo ne, ba na karɓa."

Na ce mata sannu da aiki, na kama hannun 'yata muka tafi.

A bencin tashar bas na zaunar da 'yata, na jefa wayata cikin jaka a kan takardar, na ja zif. Na ce ina labarin. Ta dube ni sosai, ta tabbatar hannuna babu komai, sannan ta gyara zama. Ashe ranar Litinin ta karanta shafi guda cur a gaban aji, malama ba ta taya ta ko kalma ɗaya ba, aka tafa mata. Ta nuna mini yadda ta riƙe littafin. Bas biyu suka wuce mu muna zaune.

Da ta gama sai ta ce, "To Mama, gobe zan iya gaya wa Anti?"

Na ce e. Ta diro daga benci tana tsalle, kuma na lura sarai, murnar wannan izinin ta fi wadda ta yi tana ba ni labarin. Abin ya sosa mini rai, har yau in na tuna yana sosawa. Washegari da safe na yaga takardar, na tsuguna na ce ta koya mini yadda Anti ke ɗaure takalmi.