Kifin Kanal da Takardar da Na Ƙi Sa Wa Hannu

Ban taɓa mantawa da safiyar da motar soja ta tsaya a ƙofar biron sarwisin ruwa ba, wato ofishinmu na hukumar ruwa, nan Filinge. Tun da kun ce in ba ku labari guda kafin in miƙa makullai in tafi hutu, to wannan zan ba ku.

Zamanin ne da sojoji suka sake karɓe mulki, ana tsakiyar bazara. Ni a lokacin ƙaramin ma'aikaci ne, mai kula da famfuna da tiyo. A ƙa'ida ba ma fita aiki sai da takardar umarni da shef, shugaban ofishinmu, ya sa wa hannu. Ranar nan wani ajidan ya shigo, muƙamin da ke gaba da sarjan ke nan, ya ce Kanal na neman mai gyaran famfo. Shef bai tambayi takarda ba. Ya nuna ni da alƙalami, ya ce, "Hamisu, ɗauki jakarka."

Kanal ɗin ba zan kama sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya. A Yamai yake aiki, amma yana da gida a bakin garin nan, yana zuwa duk bayan mako biyu. A falonsa na ga abin da ban taɓa gani ba. Akwatin gilashi ne, tsawonsa ya kai gadon mutum, cike da ruwan gishiri, da kifayen teku masu launin shuɗi da ɗorawa, da duwatsu da murjani mai rai a kansu. Daga bakin teku aka kawo komai a mota, har da wanda ya haɗa shi, ya gama ya koma. Injin wuta guda aka ware masa, ba ya mutuwa.

Ajidan ya ce kifi biyu sun mutu, murjanin gefen hagu ya fara fari, ga wani yauƙi ja-ja ya lulluɓe yashin ƙasa. Ya ce sun san wanda ya yi. Baba Jibo ne, tsohon gardin da ke gadin gidan, mutumin Tabla, wanda ke ba kifayen abinci. Wai an yi masa faɗa, shi ne ya zuba maganin ƙwari a ruwan. Kwanansa huɗu ke nan a kulle a ɗakin ajiya na bayan gida, kuma da la'asar za a miƙa shi ga jandarma. Sai ajidan ya zaro takarda, an riga an buga ta da keken rubutu. Ta ce ma'aikacin ruwa ya duba ya tabbatar an sa guba. Sa hannuna kawai ya rage.

Na ce masa, "Ajidan, ai ban duba ba tukuna."

Ya ce, "To duba. Minti nawa kake so?"

Na ce ban sani ba, sai na gani.

Gaskiya ban san kifin teku ba. Amma a ƙarƙashin akwatin na tarar da ɗan littafin Faransanci da mai haɗawa ya bari, na zauna a ƙasa na karanta. Ya bayyana cewa murjani dabba ce da ba ta tashi daga inda take. Ruwa ke kawo mata abinci, ruwa ke kwashe mata dauɗa. In ruwan ya tsaya a wuri guda, dauɗa ta taru, abin da ke wurin ya shaƙe. Wannan kam na gane, don haka yake a tankin ruwan gari in aka sa mashiga da mafita kusa da juna.

Na warware zare daga gefen rawanina, na ɗaura a bakin siririyar sanda, na nitsa. A gaba, kusa da bakin famfon da ke turo ruwa cikin akwatin, zaren yana kaɗawa. Na kai shi tsakiya, ya rage motsi. Da na zura shi bayan duwatsu ta hagu, sai ya rataye, ko gezau. Na sa ƙaramin tiyo na zuƙo yashin wurin cikin bokiti. Ya fito baƙi ƙirin, da warin ruɓaɓɓen ƙwai, har ajidan ya toshe hanci. Duwatsun an jingina su da gilashin baya kamar katanga, bakin famfon kuma an murɗa shi yana kallon kusurwa guda.

Na tambaya wa ya yi wannan jerin. Ajidan ya ce Kanal ne da hannunsa, wata biyu da suka wuce. Yana son fili a gaba don baƙi su ga kifi sosai, kuma ƙarar ruwa a sama tana damunsa.

Na ce, "To ba guba ba ce. Ba zan sa hannu ba."

Ya ce, "Kana da 'ya'ya?"

Na ce, "Huɗu."

"To ka tuna da su."

Bayan azahar Kanal ya shigo, dogon mutum mai magana a hankali. Ya zauna, ya ce, "Kai ne ba ka iya rubuta sunanka ba?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, na iya. Amma abin da ke takardar nan ba shi na gani ba."

"Mi ka gani?"

Na miƙa masa sandar, na ce ya nitsa da kansa. Ya dube ni, ya dubi sandar, sannan ya tashi ya karɓa. Ya sa a gaba, ya sa a baya. Na tura masa bokitin ya shinshina. Na ce da guba ce, da kifayen duka sun mutu rana ɗaya, ba za ta zaɓi gefen hagu ba. Ruwa ne ba ya zuwa nan, tun da aka jingina duwatsu aka juya famfo.

Ya ce, "Kana nufin ni na kashe su."

Na ce, "Ranka shi daɗe, ina nufin Baba Jibo bai kashe su ba."

Ya ce in gyara. Na ce zan gyara, amma ba zan sa hannu a ruwan nan ba alhali tsohon yana kulle a kan abin da bai yi ba. Ajidan ya yo kaina, Kanal ya ɗaga masa hannu. Ya ce, "Za a buɗe shi. Na ba ka mako uku. In kifi guda ya ƙara mutuwa, kai za ka shiga ɗakin."

Na ce na yarda, kuma a rubuta haka in ana so, wannan zan sa wa hannu.

Aka fito da Baba Jibo, leɓensa duk ya tsage. Ya zauna a inuwar iccen bedi ya sha ruwa, ya ce mini, "Ɗana, wa ya aiko ka?" Na ce shef. Ya ce, "Allah dai."

Aikin ya ci mini kwana uku. Ban kwashe yashin gaba ɗaya ba, don kada ruɓar ta watsu ta hallaka sauran. Kullum sai in zuƙe kaɗan, in mayar da sabon ruwa da na haɗa da gishirin teku na buhunan da mai haɗawa ya bari. Duwatsun na janye su daga gilashi da faɗin tafin hannu, na jera su da ƙofofi a tsakani don ruwa ya ratsa. Tiyon da ke mayar da ruwa na raba shi biyu da mahaɗin roba, don ƙarfe ba ya jure gishiri. Baki ɗaya na kai shi can baya ta ƙasa, yana share bayan duwatsu. Ɗayan na ɗaga shi yana kaɗa saman ruwa. Ƙarar da Kanal ba ya so ta dawo, na kuma gaya wa ajidan kada wanda ya taɓa. Daga nan na bi kowace kusurwa da zarena har na tabbatar babu inda yake ratayewa.

Murjani guda da ya riga ya yi nisa bai tashi ba, na cire shi. Mako na biyu wani kifi ya ƙi cin abinci kwana biyu, ni ma ban ci na kirki ba. Rana ta uku ya ci. Da wa'adi ya cika yauƙin nan ya ɓace, sauran murjanin ya fara mayar da launi, babu kifin da ya mutu.

Kanal bai ce mini na gode ba. Abin da ya biyo baya takardar canjin wurin aiki ce, an tura ni Abala, kuma an rubuta a fayil ɗina cewa ba ni da ladabi ga na gaba. Shef ya miƙo mini ita yana kallon bango. Ya ce, "Da ka sa hannu, tsohon wata nawa zai yi? Shida?" Na ce masa, "Shef, da kai aka ce ka yi shidan, da ba ka ƙirga su da sauƙi haka ba." Shekara uku na yi ina gyaran rijiyoyin makiyaya, iyalina suna nan Filinge. Sai bayan an koma mulkin farar hula aka maido ni. Ƙarin girman da abokan shigata suka samu, ni ya wuce ni.

Baba Jibo bai koma gadin ba. Ya tafi Tabla ya kama gonarsa, ya rayu har ya ga auren jikokinsa, ya rasu a ɗakinsa.

Ku da za ku ci gaba da aikin nan, ga abin da na koya. Duk inda abu ya lalace a gidan babba, kafin a kira ku an riga an samo ƙaramin da za a ɗora wa. Ku ake kira don ku ne masu auna abu, kuma maganarku ita ake kai wa gaban alƙali. Ku auna tukuna. Ku rubuta abin da kuka gani, ku sa hannu a kansa shi kaɗai. Za a iya tura ku daji, kamar yadda aka tura ni. Na je, na dawo, kuma da a ce gobe za a sake miƙo mini takardar nan, amsata ba ta canza ba.