Wa Zai Ba Albasa Ruwa?

Shekarun da ake ginin dam ɗin Goronyo, ƙanena tifa yake tuƙa wa kamfanin da ke aikin. Ni kuwa ina koyarwa a firamare nan Wurno. Gidanmu gidan malamai ne, kakanni da kakanni, shi kaɗai ya bar littafi ya kama sitiyari. A sansanin ma'aikata ya koyi shan giya. Na sani, na yi mai faɗa har na gaji, amma ban gaya wa kowa ba.

Wata Talata bayan azahar anka zo muna da labari: ya buge wani manomi da jakinsa kusa da Marnona. Jaki ya mutu, hannun mutumin ya karye, 'yan sanda sun ji wari a bakin direba sun rufe shi. Anka ce gidan yari za shi, ba makawa.

Mahaifinmu ya rasu, sai Baffanmu ke riƙe da gida. Shi da dattawa biyu sunka naɗa rawuna, sunka sayi goro. Sun je wurin babban ɗan sanda, sun je wurin hakimi, sun je wurin manajan kamfani. Haka muka gada: in abu ya ɓaci, a nemi babba a yi kamun ƙafa. Kwana tara suna yawo, kowa ya karɓi goro ya ce Allah ya kyauta, ƙanena na nan a rufe.

Na ce wa Baffa mu nemi lauya. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Lauya? Mutumin da ake biya ya yi ƙarya? Ba a gidan ga ba."

"To Baffa, mi goron ya yi muna?"

Na san na yi rashin kunya, kuma ban janye ba. Zuciya gare ni tun ina ƙarama, kowa ya sani. Washegari na nemi izini wurin hedimasta na hau mota sai Sakkwato.

Ofishin lauyan ɗaki ɗaya ne bayan wani shagon tela, fanka tana ƙara kamar injin niƙa. Shi kuma siriri ne, ba ya ko murmushi. Na shirya jawabi tun daga mota, kan asalin gidanmu da mutuncinmu. Bai bar ni na kai ko rabi ba.

"Malama, ya sha ko bai sha ba?"

Kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Na ce ya sha.

"Madalla. Ba zan tsaya gaban alƙali in ce bai sha ba. Zai amsa laifinsa, mu roƙi sassauci. Yanzu gaya mini, yaya hannun mutumin da ya buge?"

Ban sani ba.

"Ina yake zaune?"

Ban sani ba. Ko sunansa ban sani ba. Lauyan ya ajiye biro ya ce, "Kwana goma, gidan malamai guda, ba wanda ya je duba shi?"

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Mun gaida duk mai kujera a ƙasar nan, mun manta da wanda ke kwance. Ba mugunta ba ce. Tunaninmu ne bai taɓa zuwa can ba, don shi ba kowa ba ne, ba shi da abin da zai sa hannu a kai.

Lauyan ya duba takardar 'yan sanda ya ba ni sunan ƙauyen, can wajen Rara. Na koma gida na gaya wa Baffa komai, ban rage ba. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce shi ba zai iya haɗa ido da mutumin ba bayan kwana goma. Na ce ni zan iya.

Na same shi ba a gida ba, a fadama. Dattijo ne, hannunsa na dama ɗaure da karan ɗori, yana zaune bakin rijiya yana kallon jigonsa na jan ruwa. Jigo ba ya jawuwa da hannu ɗaya. 'Ya'yansa mata ne, duk suna gidajen aure. Fangalin albasarsa ya bushe ya tsattsage, ganye ya fara kwanciya. Maƙwabta na taimaka mai in sun gama nasu, amma kowa ta kansa yake yi.

Na durƙusa na ce, "Baba, ni yayar direban ce. Mun yi maka laifi biyu, na biyun ya fi muni."

Ya dube ni da kyau. "Ɗiyata, ke ce ta farko. Na zaci ku manya ba ku zuwa inda babu kwalta."

Na haɗiye, don gaskiya ya faɗa. Ban roƙe shi komai ba ranar. Na tuɓe takalmi na kama jigo, na yi ta ɓarin ruwa a zanena, yana yi mini dariya yana gyara mini. Na koma ran Asabar, na koma ran Lahadi. A zuwa na uku Baffa ya biyo ni, yana jan jaki da kansa, madadin wanda ya mutu, ba goro. Su biyu sunka zauna gindin mangwaro, ban ji abin da sunka ce ba. Da za mu tafi dattijon ya tambaye ni yaushe ne zaman kotu.

Ranar zaman, anka fito da ƙanena ya rame, ya kasa ɗaga kai. Majistare ya tambaye shi, ya ce ya sha, ya yi tuƙi, ya buge mutum. Baffa na zaune bayana, na ji numfashinsa ya canza. Lauyanmu ya tashi ya roƙi sassauci, ya ce wanda anka buge yana nan, yana son magana.

Dattijon ya taso da hannunsa a rataye. Majistare ya ce ko ya yafe.

"Ranka ya daɗe, ban yafe ba tukuna. Hannuna na ciwo. Amma in kun rufe shi, wa zai ba albasata ruwa? Yayarsa ba ta iya ba, rabin ruwan a jikinta yake ƙarewa. Ku ba ni shi."

Kotu ta ɗauki dariya, ni kuwa hawaye nake. Majistare ya ci shi tara, ya karɓe lasinsa na shekara guda, ya ce ya je ya ba albasa ruwa, amma in ya sake ganinsa ba mai ceto.

Da asuba ni na raka ƙanena tasha. Wata uku yana jan jigo a fadamar nan, hannuwansa sunka yi kanta, sunka fashe, sunka warke. Ranar da anka cire albasa ya dawo da buhu guda a kai, ya sauke a zaure gaban Baffa. Ya ce dattijon ya ce a gaya mini yanzu ya yafe.